Fankar Motar Baba

Motar Baba ba ta taɓa yin zafi a kan hanya ba, abin da ya fi ɗaure wa kowa kai ke nan. In tana gudu lafiya lau take, sai ka rantse ba ita ce ta kwashe shekara ashirin da biyar a hannun mutum ɗaya ba. Amma da zarar ta tsaya injin yana aiki, a danja ne, a cunkoso ne, ko a ƙofar wani, sai allurar zafi ta fara hawa sannu a hankali. Kafin a ankara ta dangana da ja, ruwa ya tafasa, tururi ya turnuƙe ta ƙarƙashin bonet, mutane su taru kowa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

Sau uku ke nan cikin wata biyu, kuma duka ukun a ƙofar ɗakin gwajin jinin da Auta take aiki. Baba ne yake ɗauko ta kullum ƙarfe huɗu. Ba don babu motar haya ba, ga su nan birjik, kuma Auta ba yarinya ba ce, ta ba wa talatin baya. Dalilin shi ne, tun da ya ajiye tuƙin da ya shafe shekara talatin da takwas yana yi, Mama kuma ta rasu, wannan ɗaukar ita kaɗai ta rage masa da za a kira aiki. Saboda ita yake wanka da rana tsaka, saboda ita yake goge takalmi har yana ƙyalli, saboda ita yake ɗaura agogo. Auta ta san haka sarai. Ta san duk ranar da aka karɓe makullin motar nan daga hannunsa, to an zaunar da shi ke nan, zaman da babu tashi.

Mai son karɓe makullin kuwa ba wani ba ne, Yaya ne, babban wanta.

A karo na uku mai gadi ne ya leƙo yana haki, ya ce, "Malama, fito, motar tsohonki za ta kama da wuta!" Ta fito da safar hannu ba ta ko cire ba. Ta tarar da tururi ya rufe gilashin gaba, ruwa mai tsatsa yana malala a ƙasa, Baba kuwa yana zaune a ciki hannuwansa biyu a kan sitiyari, yana kallon gabansa. Bai kashe injin ba. Ita ta zura hannu ta taga ta murɗe makullin. Ta dubi agogo, uku da rabi ma ba ta yi ba. Mai gadi ya matso ya ce mata ƙasa-ƙasa, ai tun ƙarfe biyu tsohon yake nan.

Wannan maganar ta ƙarfe biyu ba ta gaya wa Yaya ba. Amma shi ya zo ya janye motar zuwa gida, kuma Yaya ba ya rasa abin faɗi. Ya tsare ta a ƙofar kicin, ya rage murya don kada Baba ya ji daga falo.

"Auta, ba motar ba ce."

"To mece ce, Yaya? Ni ce nake tafasa?"

"Kin san abin da nake nufi. Mutumin da in noti ɗaya ya kwance a motar nan yana ji tun daga cikin ɗaki, shi ne yau ruwa zai tafasa a gabansa ya zauna yana kallo? Watan jiya a ina na tsince shi? A ƙofar tsohon gidanmu, gidan da muka bari shekara goma sha biyu, yana ta danna hon wai a buɗe masa."

"Kewar Mama ce. Kai ba ka kewarta?"

"Ran nan fa da ya wuce kwanar gida har sau biyu?"

"Sun rushe shagon da ke kwanar, ni ma sai da na ɗan rikice. Haba Yaya! Kai da ka bar wayarka a kan rufin mota ka ja, wa ya ce a karɓe maka makulli?"

Yaya ya shafa fuska da hannu biyu. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, tsoro ne ya cika masa ciki, shi kuma tsoronsa da faɗa yake fitowa. Ya ce, "Wata rana ba ruwa ne zai zube ba, Auta. Ke da kike aiki da jini, ke ya kamata ki fara gane wannan."

Maganar ta soke ta, amma ta dake. Ta ce, "To mu yi haka. Ranar Asabar ni da kaina zan raka shi wurin bakaniken da kai ka yarda da shi. In aka samu laifin a jikin mota, ka bar masa makullinsa, kuma kada ka ƙara ta da zancen nan."

"In ba a samu ba fa?"

"Za a samu."

Ita a ganinta ta riga ta ci. Motar da take tafasa ai dole akwai abin da ya lalace a jikinta, wannan ko makaho ya sani.

Bakaniken da Yaya ya yarda da shi ana ce masa Tabarau, saboda gilashin idon da yake ɗaure da wayar tagulla ta bayan ƙeya. Garejinsa rumfar kwano ce a bayan gidan mai, ƙasan ya yi baƙi ƙirin da tsohon baƙin mai, ga wata kujerar bas da aka cire aka jingina da bango don masu jira. Suka isa da hantsi. Baba ya faka motar daidai, tayoyi a miƙe, kamar an auna da igiya. Auta ta ji wani sanyi a ranta. Ina ma Yaya yana nan ya gani!

Baba bai jira gaisuwa ta ƙare ba ya fara ba da umarni. "Lagireto ne ya toshe. Ka cire shi ka wanke."

"Ba a taɓa wanke shi ba, Baba?"

"An wanke sau biyu. Ba su iya ba ne."

Nan Auta ta gane abin da ya faru a baya. Sau biyu Baba yana kai motar wurin wasu shi kaɗai, kuma wane bakanike ne zai ja da direban da ya girmi ubansa? Ya ce a wanke, sun wanke. Ya ce a sauya murfi da tiyo, sun sauya. Sun zaga da ita unguwa, allura ba ta motsa ba, suka ce ta warke.

Tabarau dai ba irinsu ba ne. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ka yi min afuwa. Ni ba na kwance ko noti sai mota ta yi laifin a gabana na gani da idona. Ga kujera can, ka huta." Baba ya yi tsaki, ya ce 'yan zamani ba sa jin magana, amma ya tafi. Da ma akwai wasu direbobi biyu a kujerar suna jiran nasu gyaran. Ba a yi minti biyar ba ya kama ba su labarin wata gada da ta karye da su shekara talatin da suka wuce, da sunan kogin, da lambar motar, da abin da yaron mota ya ce, babu abin da ya ɓace masa.

Tabarau ya bar injin ya huce, sannan ya bi shi daki-daki. Ya buɗe lagireto, ruwa cike. Ya matsa tiyo na sama da na ƙasa. Ya zaro sandar gwajin mai ya duba ko ruwa ya shiga, man tas yake. Ya ta da motar, ya zaga baya ya tara hannu a bakin salansa ya shinshina. Sannan ya dawo ya harɗe hannu ya tsaya.

"Me muke jira?" in ji Auta.

"Ita muke jira, ƙanwata. Kin ga, mota in tana gudu, iskar hanya ce take shiga ta gaba ta sanyaya ruwan. In ta tsaya babu wannan iskar, sai dai ta fanka." Ya nuna mata fankar da ke manne a bayan lagireto, baƙa, ta yi ƙura. "In allura ta ɗan haura rabi, wannan za ta tashi da kanta. In ta tashi, sai mu nemi laifin a wani wuri. In ba ta tashi ba, mun kama ɓarawo."

Suka tsaya. Jira ne mai cin rai, ba abin da ake yi sai kallo. Zafin injin ya fara bugo mata fuska. Ta riƙa zagawa tana leƙa allura ta taga, tana dawowa. Allura ta kai kwata. Ta kai rabi. Ta haura. Ta soma kusantar ja, ruwa ya fara ƙugi a cikin tiyo, fanka kuwa ko gezau.

"Kashe," in ji Tabarau. Ta zura hannu ta kashe injin, ta zare makullin.

Wallahi Auta kamar ta yi tsalle. "Ka gani ko! Fanka ce ta mutu! Na faɗa wa Yaya, na faɗa masa!"

"Tsaya tukuna, ba mu ji ta bakinta ba."

Ya ɗauko wayoyi biyu, ya haɗa fankar kai tsaye da batir. Nan take ta tashi da ƙarfi har tana kaɗa masa riga. Lafiyarta ƙalau. Ya duba fiyus, bai ƙone ba. Ya gyara zaman gilashinsa, ya sunkuya can ƙasan lagireto inda wani ɗan ƙarfe yake, wanda ya ce shi ne yake jin zafin ruwa ya ta da fanka. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, fuskarsa ta sauya.

"Zo ki gani."

Wayoyin ɗan ƙarfen a yanke suke, an naɗe bakinsu da salatif. Salatif ɗin ya tsufa ya bushe, yana taɓa shi ya ruguje.

"Wannan yankan ba na bana ba ne, ba na bara ba ne. Ya fi shekara ashirin. Fankar motar nan ta manta rabon da ta tashi da kanta."

"To ta yaya duk shekarun nan ba ta taɓa zafi ba?"

"Abin da nake tambayar kaina ke nan."

Ya lalubo wata jar waya siririya da ta fito daga jikin fankar. An ɗaure ta tsaf da sauran wayoyi, taku-taku, aikin mutum mai tsabta. Ya bi ta da yatsa har inda ta shige ta wani rami zuwa cikin mota. Ya buɗe ƙofa ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafunsa a waje. Can sai aka ji ƙas! Fanka ta tashi, alhali makulli yana hannun Auta. Ƙas! Ta tsaya.

Wannan ƙarar Auta ta san ta, tun kafin ta ga komai.

"Leƙo nan, ƙarƙashin rediyo," in ji Tabarau. Ɗan makunni ne irin na fitilar gefen gado, an ɗaure shi da sukuru biyu a inda ido ba ya kaiwa. Asalinsa baƙi ne, amma tsakiyarsa ta koɗe ta yi fari, ta yi santsi, har ta ɗan lotsa daidai girman babban yatsa. "Da ɗan ƙarfen can ya mutu, maimakon a sa sabo, sai wani ya ja waya daga batir ya kawo nan. Tsofaffin direbobi suna yin haka, sun fi yarda da hannunsu. In an tsaya a danna, in an tashi a kashe. Wa yake tuƙa motar nan ban da shi?"

"Babu kowa."

"Babu kowa," Tabarau ya maimaita a hankali. Ya dubi kujerar bas inda Baba yake ta kwatanta faɗin kogi da hannuwa, ya dawo da idonsa kan sifanar da ke hannunsa.

Auta kuwa ta riga ta yi nisa. Tana 'yar shekara tara, a kujerar gaba, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Duk sanda suka tsaya a danja sai Baba ya ce, "Auta, ba ta iska." Ta zura hannu ƙarƙashin rediyo, ƙas, sai wani gurnani ya taso daga gaba, ita kuma ta yi ta dariya. Har faɗa suke yi da Yaya a kan wanda zai danna. Ita duk zatonta wasa ne Baba ya ƙirƙiro musu. Da ta girma ta bar wasan, shi ya ci gaba da yi da kansa, yana magana, yana sauraron labarai, hannun yana zuwa yana dawowa ba tare da ya duba ba. Ƙarar ta zama kamar ta agogon bango, ba mai jin ta. Yaushe ta daina? Kullum tana zaune a gefensa, kanta a sunkuye a kan waya, kuma ba ta san ranar da ta daina ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

"Ƙanwata," in ji Tabarau, murya ƙasa, "gyaran ba wuya. Ranar Litinin in samo sabon ƙarfen, in mayar da wayoyin, fanka ta riƙa tashi da kanta. Rabin awa ya isa. Kuma in yayanki ya tambaye ni, laifi kam akwai shi a jikin mota, ban yi ƙarya ba." Ya goge hannu da tsumma. "Ni dai mota na iya."

Wayarta ta yi ƙara a jaka. Yaya ne. Ta bar ta har ta katse.

Ga nasara an miƙo mata a hannu. Abin da ya rage kawai ta ce wa Yaya waya ce a yanke, a gyara, magana ta mutu, Baba ya ci gaba da goge takalminsa. Mantuwa ɗaya ce fa, ɗan makunni ɗaya! Wa ya sani ma ko da gangan ya bari, ko yatsan ne yake masa ciwo? Ta roƙi Tabarau kada ya ce wa Baba komai. Ya cika lagireton da ruwa, ya rufe bonet, ya ce wa Baba sai Litinin za a samu kayan. Baba ya ce ai da ma ya faɗa, lagireto ne.

Ita ta zaɓi hanyar komawa. Ta ce tana son sayen wani abu a babban titi, alhali ta san ranar Asabar da azahar titin nan ba ya motsi. Ta ajiye wayarta a jaka ta zuge. Rabon da ta zauna a motar nan hannunta babu waya har ta manta.

Suka shiga cunkoson, gaba mota, baya mota. Baba ya saka giya a furi, ya ja birkin hannu, ya ɗora hannuwa biyu a kan sitiyari. Auta ba ta kallon titi, hannunsa na dama take kallo, jijiyoyin da suka fito, da tabon ƙuna na tun tana goye. A zuciyarta tana ta roƙo: ka miƙa, Baba, don Allah ka miƙa.

Allura ta kai rabi. Ta haura.

"Baba, kamar tana ɗaukar zafi."

Ya duba. "Kin gani ko? Shi ma wannan mai gilashin bai san komai ba."

"Ba abin da za a yi mata?"

Sai hannun ya tashi daga sitiyari. Hannun ya yi ƙasa, ya tsaya a iska, ya dawo. Ya taɓa abin goge gilashi, roba ta shara busasshen gilashi da ƙara mai ban haushi, ya kashe. Ya kunna rediyo, ya kashe. Ya kunna fitila da rana tsaka. Ya shafa aljihun rigarsa, ya shafa hularsa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Da ya yi magana, ba da muryar da ya ba da labarin gada ba ce, wata ƙaramar murya ce da Auta ba ta taɓa ji a bakinsa ba.

"Akwai abin da nake yi mata. Auta, akwai abin da nake yi mata in ta yi haka."

"Mene ne, Baba?"

"Yana nan... yanzun nan yake a raina."

Ruwa ya fara ƙugi. Motocin gaba suka ɗan matsa, na baya suka dame su da hon, wani ya leƙo yana zagi. Baba bai saki birki ba. Ya zauna yana kallon hannunsa kamar na aro ne, allura tana shiga ja, shi kuma ya kasa gaba ya kasa baya. Tsoro ne ƙarara a fuskarsa. Ta ga irin zaman da ya yi a ƙofar wurin aikinta tun ƙarfe biyu, shi kaɗai, babu wanda zai tambaya.

Ta kasa jurewa. Ta zura hannu ƙarƙashin rediyo. Yatsanta ya faɗa cikin lotsawar da nasa ya yi. Ƙas!

Fanka ta tashi. Suka zuba wa allura ido su biyu, ta tsaya cak, sannan ta fara sauka kaɗan-kaɗan. Baba ya sauke ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe, ya buga sitiyari da tafin hannu.

"Kai! Kai, Auta! Ashe ke ce bakanikiyar! A ina kika koyi wannan dabara?"

Da ƙyar ta ce, "Kai ka koya min, Baba."

"Ni?" Ya yi dariya har da girgiza kai. "Ina! Da na san wannan ai da ban sha wahala ba."

Ta juya fuskarta wajen taga, ta yi ta kallon wani mai gyaran takalmi a bakin titi har hanya ta buɗe.

A gida ya faka motar a ƙarƙashin rumfa, tayoyi a miƙe kamar kullum. Ita ta kashe fankar. Ya zare makullin, zai saka a aljihu, ta tara hannu.

"Baba, kawo. Bakaniken ya ce zai aiko a karɓa, akwai abin da zai gwada da shi."

Tun da take ba ta taɓa yi masa ƙarya ido da ido ba. Ya dubi makullin, da tsohuwar fatar da ke maƙale da shi wadda Mama ta ɗinka masa, ya ɗora mata a tafin hannu ba musu. "To ki ce masa kada ya wuce ƙarfe uku ranar Litinin. Ina da ɗaukar ki ƙarfe huɗu."

Ta shiga banɗaki ta kunna famfo don kada a ji, ta yi kukan da ba ta yi irinsa ba tun rasuwar Mama. Sannan ta wanke fuska ta kira Yaya.

"An samu?" ya ce.

"An samu."

"A jikin motar?"

"Makullin yana jakata, Yaya."

Ta ɗauka zai ce ai ya faɗa mata. Bai ce ba. Sai ta ji yana jan hanci. Ya ce zai nemi likita cikin satin nan, ta ce to.

Ranar Litinin ƙarfe huɗu ta fito daga aiki, idonta ya tafi wurin da Baba ya saba tsayawa tun kafin ta hana kanta. Babu kowa, sai tabon ruwan tsatsa a ƙasa. Mai gadi ya tambaye ta tsoho, ta ce yana lafiya. Ta tsaya a bakin titi ta tari motar haya, ta matsu a tsakanin mutanen da ba ta sani ba.

Da ta tura ƙofar gida ba ta same shi a falo ba. Yana cikin motar a ƙarƙashin rumfa, a kujerar direba, ya yi wanka, ya ɗaura agogo, hannuwa biyu a kan sitiyari. Da ya gan ta sai kunya ta kama shi.

"Yi haƙuri, Auta, na bar ki a tsaye. Mutumin nan bai kawo makullin ba har yanzu."

"Ba komai, Baba."

Ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar ta shiga ta zauna a gefensa, jakarta a kan cinya. Motar ta ɗauki zafin rana, ga warin man goge takalmi. Suka zauna suna kallon bangon gida. Ya tambaye ta aiki, ta ce da godiya. Ya ce gobe in Allah ya yarda ba zai makara ba.

Yana cikin maganar, bai duba ba, bai ko yanke zancen ba, hannunsa na dama ya sauka daga sitiyari ya shige ƙarƙashin rediyo. Ƙas!

"Bari mu ba ta iska," ya ce, "mun daɗe a tsaye."

Fanka ta tashi tana hura injin da rabonsa da aiki tun shekaranjiya. Auta ta ji tudun makullin ta cikin fatar jaka, a ƙarƙashin tafin hannunta. Ta ƙara danne jakar da hannu biyu, ba ta buɗe ba.